Ƙirgau da Mota ta Dubu Biyu

Shekara talatin da ɗaya mutumin nan ya yi yana zaune a bakin titi yana ƙirga motoci, kuma ofishin tsara birni ne ya sa shi. In ka gaya wa baƙo haka sai ya yi dariya, ya ce ai mahaukacin unguwarsu ma yana yi, kuma kyauta. To, bambancin shi ne mahaukaci ba shi da fom.

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa. Ƙirgau ake ce masa a unguwa, Ƙirgau a ofis, Ƙirgau a bakin matarsa in ya ɓata mata rai. Kayan aikinsa ba su da yawa: kujerar ƙarfe mai naɗewa, agogon hannu, alli, fom a kan ɗan katako, sai injin ƙirga. Injin wani ɗan ƙarfe ne kamar kwaɗon ƙofa, da maɓalli a samansa. In ka danna ya ce ƙas, lamba ta ƙaru da ɗaya. Ba ya komawa baya ko za ka yi masa kuka, sai dai in an gama aiki a share lambar duka ta koma sifiri.

Duk inda aka tura shi, da ya isa sai ya duƙa ya ja layi da alli daga gefen titi zuwa kan kwalta, ya buɗe kujera, ya dubi agogo. Duk abin da ke da inji da taya, da zarar hancinsa ya ƙetare layin nan, ƙas. In yana cikin ƙirga ba ya amsa gaisuwa, ba ya korar ƙuda. Ranar da aka haifi 'yarsa ta fari, wani maƙwabci ya zo a guje a kan babur don yi masa albishir. Ƙirgau ya danna wa babur ɗin ƙas tukuna, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Saura minti goma sha biyu." Maganar nan har yau matarsa ba ta gama yafe masa ba.

Babban yatsansa na dama ya yi kanta, ya fi na hagu kauri. Ko a gida yana zaune, in mota ta wuce sai ka ga yatsan ya motsa shi kaɗai a kan gwiwarsa.

A fom ɗin akwai gurbin lokaci, gurbin wuri, gurbin adadin abin hawa. Babu gurbin masu tafiya a ƙafa. Yana sabon shiga aiki ya taɓa tambayar ogansa na wancan zamani, ya ce, ranka ya daɗe, mutanen da ke tsallaka titi fa? Ogan ya ce ƙafa ba ta cinye kwalta. Ƙirgau ya ce to, bai sake tambaya ba. Matarsa kuwa, Mai Ɗinki, wadda ba ta hawa komai sai ƙafarta, takan ce masa, "Malam, ni da akuya ɗaya muke a wajen aikinka." Shi kuma ya ce ba haka ba ne, akuya ma ba a ƙirga ta, amma ita ba ta ƙorafi.

Lambobin da yake kawowa hawa suke yi zuwa bene na biyu, inda injiniyoyi ke zane. Shi bai taɓa zana komai ba, amma ya ga abin da zanen ke yi. Ya ƙirga a wuri, a faɗaɗa titin, a yi murna, bayan shekara uku a sake tura shi wurin ya tarar ya cushe fiye da da. Sau ɗaya ya faɗi ra'ayinsa a ofis, ya ce titi ba ya ƙoshi, in ka buɗe masa baki sai ya ƙara ci. Aka yi dariya, aka ce Ƙirgau ya iya zance, aka ba shi sabon fom.

Gidansa yana bakin wani tsohon titi mai hannu biyu, a ɓangaren hagu in ka nufi cikin gari. Ɗaki uku ne. Na gaba shi ne shagon matarsa, kuma duk abin alfaharin Ƙirgau a duniya yana jikin bangon ɗakin nan: wata taga mai faɗi da ya fasa da hannunsa shekarar da idonta ya fara gajiya da zura zare. A gindin tagar keken ɗinkinta yake. Ta nan mata ke miƙo yadi, ta nan suke karɓar kaya, ta nan ake tsayawa a yi gulmar da ba ta kai a shigo a zauna ba. Shekara ashirin da shida tana zaune a wurin, har ƙafar keken ta yi rami a siminti.

A da, titin ba shi da wata hayaniya. Sai aka yanka filaye a bayan gari, aka gina gidaje wajen dubu uku. A takarda an ware filin kasuwa, an ware na makaranta, an ware na asibiti, Ƙirgau ya gani da idonsa an shafa musu launi mai kyau. A ƙasa kuwa duk gidaje aka dasa a kansu. Ka ji aikin banza! Mutum yana sabuwar unguwa, allura yake so, sai ya hau abin hawa ya shigo gari. Yaro zai je makaranta, mota. Ciwon kai, mota. Kuma hanya ɗaya ce tal, ta ƙofar gidan Ƙirgau.

Saura wata biyar ya yi ritaya, sabon Injiniya ya kira shi. Saurayi ne mai ladabi, da kwamfuta a gabansa. Ya nuna masa titin a taswira.

"Baba, ranar Talata za ka ƙirga mana nan, daga bakwai zuwa takwas na safe. Doka a fili take. In abin hawa ya kai dubu biyu a sa'ar nan, za a mai da titin tagwaye. In bai kai ba, a bar shi, kuɗin ya tafi wani wuri."

"Ta wane hannu za a ci, ranka ya daɗe?"

"Hagu. Mita huɗu kacal."

Ɗakin gaba mita uku da rabi ne. Ƙirgau ya sani, shi ya auna shi.

Ya ce, "To, ranka ya daɗe." Bai ce gidansa ba ne. Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya taɓa tambayarsa inda yake kwana, ba yau zai fara ba da labari ba. Ban da haka, in ya faɗa, abokin aikinsa za a tura, wanda ke cika fom a shagon aski, ya dubi fuskar oga ya san lambar da ake so. Gara dai yatsan da ya sani.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa tana ɗinkin kayan makaranta, ya tsaya a bakin ƙofa ya gaya mata duka, bai rage ba. Ta tsayar da keken. Ta dubi tagar, ta dube shi.

"Kai za ka ƙirga?"

"Ni ne."

"Shi ke nan, mun shiga uku," in ji ta, ta ci gaba da taka keken.

Tsoro ya kama Ƙirgau sosai, don da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ya san ba batun bango ba ne. In aka cire ɗakin nan, ba inda za ta sa keke sai ɗakin tsakiya, wanda ko da rana tsaka sai an kunna fitila.

Kafin la'asar duk masu gida da shago a hannun hagu sun ji. Suka yo ayari: Mai Faci, Mai Kemis, da ƙanin matarsa, Direba, mai tasi, wanda tun ranar auren yayarsa yake tsokanar Ƙirgau bai huta ba.

Mai Kemis ne ya fara, da yake shi ne mai karatun cikinsu. Ya ce ba ƙarya suke so a yi ba, Allah ya kiyaye. Amma ɗan Adam ajizi ne, yakan yi atishawa, yakan sosa ido, mota ɗari biyu ta wuce bai gani ba.

Ƙirgau ya ce shi in zai yi atishawa ido ɗaya yake rufewa.

Direba ya ce, "Haba mijin Yaya! Kai kaɗai ne fa a wurin. Wa zai sani? Injin ne zai kai ƙara?"

"Ni zan sani."

"To ka sani mana, ka yi shiru. Mu nan duk mun san abubuwa."

Mai Faci ya ce shi dai tun yana yaro yake jin ana cewa na gida ba ya ƙin na gida, yau ga shi ya ga wanda zai rushe ɗakin matarsa da babban yatsa.

Ƙirgau ya bari suka gama. Ya ce, "Ku ji nan. Abin da ya ƙetare layi shi nake ƙirgawa. Abin da bai ƙetare ba, ba ruwana da shi, ba a aike ni in tambaye shi dalili ba."

Mai Kemis ya dubi Mai Faci. Mai Faci ya dubi Direba. Suka yi sallama da fara'a, wadda ba su shigo da ita ba.

Akwai wani Mai Bulo a saman titin, yana da tsohuwar tifa. Tifar nan ba ranar Allah da ba ta mutuwa a tsakiyar hanya ta tare kowa, har an daina zaginta. Shawara ta tsaya a kan cewa ranar Talata da bakwai da kwata za ta fito ta yi halinta a daidai kwanar sama, motocin sabuwar unguwa su tsaya cik, lokaci ya ƙare. Direba kuma ya bi tasha-tasha yana roƙon 'yan'uwansa direbobi su bi ta wani wuri ranar. Duk suka ce ba komai, an gama. Wani wurin ne dai babu.

Ranar Talata Mai Ɗinki ta riga kowa fita. Kayan makarantar da ta ɗinka dole su isa kafin a buga ƙararrawa, gwiwarta kuma ta kwana tana ciwo, don haka ƙaninta ya ɗauke ta a tasi tun shida da rabi. Ƙirgau ya fito da kujerarsa, ya ja layi da alli daidai gindin tagar, don nan taswira ta nuna. Ya zauna, ya ba wa gidansa baya. Bakwai ta buga. Ƙas.

Mutanen hannun hagu suka jeru a bayansa suna leƙen lambar. Da kwata ta cika an kai ɗari biyar da wani abu. Kowa ya juya yana duban kwanar sama. Sai ga tifar Mai Bulo ta taho. Jama'a, tifar da ba ta taɓa yin tafiyar minti biyar ba tare da tari ba, ranar nan ta zo kwana ta wuce sumul, ta gangaro tana wani gurnani na ƙoshin lafiya. Mai Bulo yana ciki yana dukan sitiyari yana ce mata mutu mana, 'yar banza, ita kuwa ko a jikinta. Birkinta ma ba ya kamawa sai an yi masa alƙawari. Ta wuce ta gaban Ƙirgau. Ƙas.

Da Mai Bulo ya samu wurin juyawa ya dawo, sai ya sake ƙetare layin. Ƙas.

"Wannan ai tamu ce!" in ji Mai Faci. "Kuma ɗazu ka ƙirga ta!"

Ƙirgau bai amsa ba, yana aiki.

Labari ya riga ya kai wa dangi cewa yau ake yanke hukuncin ɗakin Mai Ɗinki, sai suka fara zuwa taya jimami. Ƙanwar Ƙirgau ta zo a babur ɗin haya. Ƙas. Surukin Mai Kemis ya zo da motarsa, bai samu wurin ajiyewa ba, ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa yana ɗago hannu yana gaisuwa. Ƙas, ƙas, ƙas. Mai Kemis ya bi shi da gudu yana roƙonsa don girman Allah ya koma gida, an gode da zumunci.

Takwas saura biyar, lamba ta kai dubu ɗaya da ɗari tara da tamanin. A lokacin ne Mai Bulo ya gaji da jiran ikon Allah. Ya kai tifar kwanar sama, ya gindaya ta a tsakiyar titi ta tare hannu biyun, ya zare makulli ya jefa a aljihu, ya buɗe bonet yana kallon injin da fuskar tausayi. 'Yan motocin da suka riga suka wuce shi suka gangaro, wasu babura suka kutso ta gefen kwata. Sannan titi ya yi tsit. Ta ƙasa ma Mai Faci ya mirgino tayoyinsa ya baza, wai iska ce ta kwashe su.

Lamba ta tsaya a dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in da tara.

Saura minti biyu. Kowa ya zuba wa titi ido. Ƙirgau yana duban layin alli. Bai yi ƙarya ba, bai sosa ido ba, kuma ga shi ɗakin zai tsira. Rabonsa da irin wannan farin ciki tun ranar da ya gama fasa tagar.

Sai ga tasi ta ɓullo daga wani lungu da ke tsakanin tifar da layin. Direba ne. Ya tarar an toshe sama, shi kuwa ba lungun garin nan da bai sani ba, kuma yana alfahari da haka. Mutanen hannun hagu suka ɗaga hannuwa gaba ɗaya suna ihu. Mai Ɗinki tana kujerar baya ta tasin, ta ga mijinta, ta ga layin, ta ga fuskokin mutane. Shekara talatin tana zaune da fom ɗin nan a gida, ta san dokarsa fiye da Injiniya.

"Tsaya nan!" ta ce wa ƙaninta. "Kada ka matsa ko taku ɗaya."

Ya taka birki, saura kamar tsawon mutum biyu ya kai layin. Ta buɗe ƙofa ta sauko da ƙyar, ta dafa gwiwa, ta taho a ƙafa tana ɗingishi. Ta tsallake layin allin a hankali, ta dubi mijinta.

"Ni dai ba a ƙirga ni, ko Malam?"

"Ba a ƙirga ki," in ji shi. Wannan ce magana ta farko da ya taɓa yi a bakin aiki tun haihuwar 'yarsa.

Saura daƙiƙa arba'in.

Can ƙasa da layin, wani bawan Allah da jaka a hannu, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya daɗe yana jiran abin hawa a titin da ya mutu. Ya hango tasi ba kowa a ciki. Ya ɗaga hannu ya ce, "Tasi!"

Shekara ashirin da biyu Direba yana wannan sana'a. Ya rantse daga baya, kuma na yarda da shi, cewa shi bai yi niyya ba, ƙafarsa ce ta ji kiran. Motar ta zabura. Ƙirgau ma ya rantse bai yi niyya ba.

Ƙas.

Direba ya tsaya a gaban fasinjan, ya kifa kansa a kan sitiyari. Fasinjan ya buɗe ƙofa ya shiga, ya ce kasuwa za shi. Agogo ya cika takwas.

Nan fa aka yi ca a kan Ƙirgau. Mai Kemis ya ce injin ba ya komawa baya, gaskiya ne, amma ai biro ne ke rubuta fom, ba inji ba. Mota ɗaya! Kuma motar gida! Mai Faci ya ce in ma ana maganar gaskiya, tifa sau biyu, suruki sau uku, wannan ai ba zirga-zirga ba ce, dangi ne. Ƙirgau ya cire murfin biro. Ya ɗora bakin biron a kan gurbin adadi. Hannun ya tsaya. Ya ɗago ya dubi matarsa, kuma da ta ce masa rage ɗaya, wallahi ranar da ya rage.

Ta jingina da bangon, a gindin tagarta, tana murza gwiwa.

"Rubuta mana, Malam," ta ce. "Abin da ba ka iya da baƙin gashi ba, ba da furfura za ka koya ba. Rubuta ka ba ni kujerar, ƙafata na ciwo."

Ya rubuta biyu da sifiri uku. Ya tashi ya ba ta kujerar.

Bayan wata biyu aka zo aka shafa jan fenti a bangon. Bayan wata huɗu katafila ta zo. Kafin ta iso Ƙirgau ya cire tagar da kansa, ya jingine ta a tsakar gida, har yau tana nan, ba bangon da zai ɗauke ta. Keken ɗinki ya koma ɗakin tsakiya, ƙarƙashin fitila. Mata suka rage zuwa, don yanzu ƙofar gidan a kan kwalta take buɗewa, ba wurin tsayawa. Ranar da ya yi ritaya Injiniya ya yaba masa a gaban kowa, ya ce da irin su Baba ake gina birni. Ƙirgau ya ce na gode, ranka ya daɗe. Aka bar masa injin ƙirgar, don an sayo kyamarori.

Titin ya yi kyau, ba ƙarya. Hannu huɗu, da shinge a tsakiya. Shekara ɗaya da rabi ya yi yana numfashi, sannan aka ƙara yanka filaye a bayan sabuwar unguwa, ya sake cushewa. Wurin tsallakawa kuwa ba a yi ba, tunda a duk takardun ofis ba a taɓa samun mutum ko ɗaya da ya tsallaka titin nan a ƙafa ba.

Mai sayar da zare da maɓalli yana hannun dama, daidai ƙofar gidansu. A da, taku goma sha biyu ne. Yanzu Mai Ɗinki takan fito da safe ta tsaya a bakin kwalta da jakarta, tana jiran motoci su yi mata rata. Ƙirgau yakan fito da kujerarsa ya zauna a bakin ƙofa, injin a hannu, agogo a ɗaya hannun. Motoci suna wucewa ɗari-ɗari, yatsan na motsi, amma ya koya masa haƙuri, ba ya dannawa.

Jiya minti goma sha ɗaya ta yi kafin ta samu ta kai shingen tsakiya, ta huta, ta ƙarasa da ɗingishinta. Da ƙafarta ta taka wancan gefen, ta juyo ta dube shi ta tsakanin motoci. Ya ɗaga injin sama yadda za ta gani.

Ƙas.

Da ta dawo ta leƙa lambar, ta ga ɗaya. Ta ce, "Sai yanzu?"

Ya ce, "Dawowar ma na sa, ai biyu ne." Ya danna.